Ranar da Baba Ya Ƙi Muryata

Kwana goma sha tara muka yi a Oron, bakin tekun Najeriya, muna jiran jirgin da zai ƙetare da mu Gabon. Gidan da aka ajiye mu ɗaki biyu ne da rumfa, mu kuwa mun fi hamsin: ƴan Nijar, ƴan Mali, ƴan Togo, da wasu mata ƴan Bene da aka ware musu ɗaki guda. A shekarar ne sojoji suka karɓe mulki a Yamai, daminar da ta wuce kuma ba ta bar komai a rumbu ba. Duk ɗan ƙasarmu da ka tambaya me ya fito da shi, sai ya ce maka hatsi.

Sunana Idi, mutumin Tunuga, can ƙasa da Gaya a bakin gulbi. Na baro matata Ramatu da goyon wata biyar, da yayana Garba, da mahaifinmu. Baba masunci ne har ƙudan gulbi ya cinye masa idanu tun ina rarrafe. Bai taɓa ganin fuskata da gemu ba. Amma duk garin an san kunnensa. In mutum ya yi sallama daga bayan danga, kafin ya rufe baki Baba ya kira sunansa da na ubansa. In jirage suka dawo daga su, yana zaune a tudu zai gaya maka wa ke tuƙa wanne, daga tarinsu kawai.

A gidan jiran nan tabarmata tana jikin ta wani mai suna Lawali, wanda ya ce daga Kamba yake. Mutum ne mai daɗin zama, ga dariya, ga iya tambaya. Ni kuwa kewar gida ta kwance mini baki. Na gaya masa sunan ɗiyata, da sunan da Baba ke kiran jirginmu, da tabon da ke ƙafar Garba da yadda ya same shi. In na buɗe ɗan littafina ina kallon lambar salular Garba, sai ya ce, "Ɗan'uwa, kai dai kana da gata. Ni ko in na mutu ba mai tambaya." Tausayinsa nake ji.

Na ɗauka na san ruwa, tunda a cikinsa na tashi. Teku ta nuna mini ban sani ba. Kwana uku muna cikin wani ƙaton kwalekwale mai inji biyu, a tsugune, gwiwar wani a bayan wani, ana amai ana salati. Ran na huɗu da hantsi muka hango itatuwa tsaye cikin ruwa. Matuƙan suka hango wani abin daban, jirgin masu tsaron gaɓa, sai suka hau mu da sanduna, kowa ya dira. Ruwan ya kai wuya. Wata ƴar Bene ta nutse a gabana, hannunta kawai nake gani. Na miƙa wa Lawali jakata na ce ya riƙe mini, na koma na jawo ta. Da na fito da ita na waiga, ba Lawali ba jaka. Jandarma ne a tsaye a inda na bar shi.

Wata biyu da kwana goma na yi a gidan tsare baƙi. Ba zan tsawaita a kan wurin ba. Abin da nake so in tuna shi ne wani dattijo ɗan Togo, Komlan, wanda ƴarsa ke kawo masa garin rogo ranar Lahadi. Ba ya jin Hausa, Faransancina kuma na lakwal ne, na firamare, aji shida. Amma kullum sai ya jiƙa garin ya raba biyu da gefen hannunsa, ya turo mini rabi ba tare da ya dube ni ba, don kada in ji kunya.

Wanda ya fitar da ni Alhaji Saidu ne, mutumin Dosso mai kanti a Libarbil, babban birnin Gabon. Yakan zo lokaci-lokaci ya tsaya wa ƴan Nijar da ba su da kowa. Ya ba ni wurin kwana a bayan kantinsa tsakanin buhunan shinkafa, ya ba ni riga, ya ce, "Kafin komai je ka kira gida. Ga kabin can a kan kwana, nasu ya fi arha."

Kabin ɗin ɗan ɗaki ne na katako. A kan tebur an jera salula kusan goma, kowace da igiya zuwa jikin wata ordinatar, wato kwamfuta. Lambar Garba tana kaina. Ta yi ƙara, aka ɗauka, na ce, "Yaya, Idi ne."

Sai na ji ya ce, "Ka ji tsoron Allah." Ya kashe.

Na sake kira, bai ɗauka ba. Washegari na koma, na kira sau huɗu, a na biyar ya ɗauka da faɗa. Ina rantsuwa yana zagi, har dai cikin zagin na tsinci labarin. Kwana kaɗan bayan shigarmu ruwa wani ya kira shi ya ce shi ne ni, yana hannun hukuma, a aiko da abin fansa. Layin yana ta ƙara, muryar ba ta fita sosai, amma mutumin ya san sunan ɗiyata, ya san tabon ƙafar Garba. Garba bai tsaya shawara ba ya sayar da jirginmu ya aika. Da mutumin ya sake kira yana neman ƙari, Garba ya kanga wa Baba salular a kunne. Kalma uku Baba ya ji ya ce wannan ba ɗansa ba ne. Da mutumin ya ga asirinsa ya tonu, sai ya ce to, gaskiyar ita ce Idi ya nutse a teku, a gabansa aka yi, ga jakarsa ma a hannunsa.

An yi mini sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Ramatu tana takaba.

Na ce, "Yaya, ba Baba. Shi zai gane ni."

Na ji tafiya, na ji kaji, na ji Garba yana cewa, "Baba, ga wani kuma." Sai wata siririyar murya ta ce, "Yi magana, ina jinka." Da ba don na san yadda yake jera kalmominsa ba, da na ce wata tsohuwa ce ke magana daga cikin rijiya. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Na gaishe shi yadda na saba, na tambayi ƙafarsa, na tambayi gulbi ko ya fara cika. Na daɗe ina magana. Da na tsaya sai ya ce, a hankali, ba faɗa:

"Bawan Allah, in yunwa ce ta sa ka, Allah ya ba ka abin da za ka ci. Amma ka bar mu mu yi kukanmu. Ɗana ba haka muryarsa take ba."

"Baba, ni ne! Ni ne na fasa maka tulun alwala na ce akuya ce. Ni ne..."

"Wancan ma ya san irin waɗannan. Duk wanda ya kwana kusa da Idi zai kwashe labarin gidanmu kaf, don bakinsa ba ya rufuwa. Amma maƙogwaronsa ba ya aruwa."

Na fito daga kabin ɗin na zauna a bakin kwata. Mai kabin ya leƙo ya ce in matsa, ina tare masa ƙofa.

A makonnin da suka biyo baya na kira ban san adadi ba. Garba ya fara sassautowa, don na tuna masa abubuwan da ko Lawali ban gaya wa ba. Amma shi ne ya sayar da jirgin, kunya ta hana shi ya sake cewa ya gane murya. Sau ɗaya ya kai wa Ramatu salular. Ta ce, "Ina so in yarda." Sannan na ji kukan yarinya, aka kashe. Mahaifin Ramatu, mutumin Tanda, ya aiko cewa ran da takaba ta cika zai zo ya ɗauki ɗiyarsa da jikarsa. Da Garba ya gaya masa akwai mai kira yana cewa shi ne Idi, sai ya ce shi bai san waya ba, ya san kunnen surukinsa. In tsoho ya ce ɗansa ne, to ɗansa ne. In ya ce ba shi ba ne, magana ta ƙare.

Alhaji Saidu ya ce mu ɗauki hoto a aika. Na ce, "Alhaji, wa zai duba?" Kuma mai tafiya gida na kusa sai bayan Babbar Salla. Komawa da kaina kuwa, ba takarda ba guzuri, ko tashar jirgi ban isa in tunkara ba.

Ya samo mini aiki a wani shantiye, wato filin aikin kwangila, muna haƙa rami a gefen titi ana binne wayar talho. Ruwan sama a ƙasar nan ba ya gajiya. Ka haƙa da safe, da rana ramin ya zama tafki, ka kwashe, ka sake. Mai duba aikin wata mata ce, Madam Ondo, gajera mai furfura a goshi, kullum cikin takalmin roba da hular kwano. Ma'aikata na tsoronta, don in ta ce zurfin bai kai ba, ko da sanda guda ce sai an sake. Ni ban taɓa yi mata magana ba.

Wata rana an tashi cin abinci, na zauna a kan gangar waya da burodina a hannu ban ci ba. Saura mako biyar takaba ta cika. Sai na ga takalmin roba a gabana.

"Kai, ɗan Nijar. Kwana uku ke nan ina ganin ba ka ci. In ka faɗi cikin ramina ni za a tambaya. Ciwo ne?"

Na ce ba ciwo ba ne. Ban yi niyyar faɗa ba, amma da gurgun Faransancina na ba ta labarin tun daga Oron. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na kai inda Baba ya ce ba muryata ba ce, sai ta tambaye ni abin da ban zata ba.

"A ina kake kira?"

Na kwatanta mata kabin ɗin, da salulolin da ke ɗaure a jikin ordinatar.

Ta girgiza kai. "Babanka bai yi kuskure ba. Abin da ya ji ba muryarka ba ce. Ka zo biro, ofishina, ranar Asabar bayan an tashi."

Biron wani ɗaki ne mai sanyi kamar randa, cike da akwatunan ƙarfe masu ƙyaftawa. Ta zaunar da ni, ta miƙo mini wani abin magana ta ce in gai da babana kamar yana gabana. Na ji nauyi, amma na yi: "Baba, ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafa?" Ta danna wani abu, sai ga muryata ta fito daga akwati, tas, har numfashina.

"Wannan kai ne," in ji ta. "To saurara. Salula ba ta iya ɗaukar murya dukanta, hanyar ta yi mata ƙunci. Sai ta matse ta, ta zubar da abin da take ganin ba a bukata, ta aika da saura. A can ɗaya gefen a warware, a cike gurbin da kintace. In sau ɗaya aka yi, kunne ba ya damuwa."

Ta danna. Na ji kaina, an ɗan rage mini kauri, amma ni ne.

"Yanzu wanda aka riga aka matse, a sake matse shi."

Ta danna. Muryar ta fara rawa a ƙarshen kalma, kamar ina magana ta cikin gwangwani. Sau uku, kaurin ya tafi gaba ɗaya. Sau huɗu, sau biyar. A na shida wani mutum ne da ban sani ba yake tambayar Baba ƙafa. Kalmomin duk suna nan, ba wadda ta ɓace, amma mai faɗinsu ba ɗan Tunuga ba ne, ba babba ba yaro, ba mai kuka ba mai dariya.

Ta ce kiran kabin haka yake tafiya. Salular farko ta matse, a warware, ordinatar ta sake matsewa don ya bi ta intanet da arha, a wata ƙasar Turai a sake juya shi, sannan ya faɗo cikin wani akwati a Kwatano ko Yamai da zai mayar da shi kiran salula, a sake matsewa kafin ya isa ƙauyenmu. "Injinan nan an yi su ne su tsirar da kalma," in ji ta. "Abin da ya sa kai ne kai, shi suke fara zubarwa. Shekara ashirin ina faɗa da wannan a wurin aiki, ina cewa a bar murya ta wuce yadda aka naɗe ta da farko, kada kowace tasha ta kwance ta sake ɗaurewa. Amma mai arha shi mutane ke bi."

Na ce mata mu ma a gida mun san haka a kifi. Banda in aka yi ta mayar da ita wuta, kowane zuwa sai ta zubar da mai, har ta kai ba ka bambanta giwar ruwa da tarwaɗa sai a ƙaya. Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta, ta ce za ta ari wannan ta gaya wa manyanta.

Sannan na tambaye ta abin da ke ci na: in haka ne, yaya Baba ya gane Lawali ba ni ba ne? Ta ce wataƙila bai gane Lawali ba. Ya dai nemi ni a cikin muryar bai same ni ba, kamar yadda ya neme ni a tawa bai samu ba.

"To ya za a yi, Madam?"

"Talho mai igiya a nan, talho mai igiya a can. Ba salula a tsakani ko ɗaya. Daga nan zan iya zaɓar hanyar da kiran zai bi, in kauce wa masu matsewa. Ba zai zama kamar kuna ɗaki ɗaya ba, amma za a bar maka maƙogwaronka. Akwai irin wannan talho a garinku?"

A Tunuga babu. A Gaya, da Garba ya bincika, na gidan waya ya daɗe da mutuwa, tunda kowa ya koma salula. Wanda ke aiki yana biron parfe, mai mulkin gundumar. Parfen kuwa a lokacin soja ne, ƙofar da masu bindiga. Garba mutum ne da ko ɗan duwan, wato kwastan, ya gani a gadar Malanbil sai ya sauya hanya. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah. Ya je sau biyu yana dawowa daga bakin ƙofa. A na uku aka shigar da shi wurin wani soja mai muƙamin ajudan, wanda ya saurare shi yana rubutu, bai ɗago ba, ya ce talhon gwamnati ba na gaisuwa ba ne.

Baba ne ya warware wannan, shi da ba ya ma yarda da maganar. Ya ce wa Garba, "Kai ni. In ji ƙaryar nan da kyau sau ɗaya, a huta." Garba ya goya shi a babur har Gaya. Suka zauna a gindin itacen bedi a ƙofar biron tun safe. Da ajudan ya fito yana yi wa wani soja faɗa, Baba ya karkata kai ya ce, "Wannan muryar gidan Tanko ce na Bengu, masu saƙar tabarma." Ajudan ya tsaya cak. Ashe uwarsa ƴar gidan ce, shi ko a Agadas aka haife shi. Ya tsuguna a gaban Baba da kakinsa, suka gaisa. Ya ce a kawo tsoho ranar Laraba ƙarfe goma, minti goma zai bayar, ba ƙari.

Madam Ondo ta rubuta a takardar aiki cewa za ta gwada layin Nijar. Na ce ba na so in jawo mata matsala. Ta ce, "Ai gwaji ne. Ina zan sami kunnen da ya fi na babanka?"

Ranar Laraba na yi wanka na sa rigar Alhaji. Ƙarfe goma Madam ta buga, aka ɗauka, ajudan ne. Ya ce ba su zo ba. Muka sake bugawa sha ɗaya, sha biyu. Ba su zo ba. Ashe ruwa ya sauka a can kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya haura, hanyar Tunuga ta yanke. Na koma rami da rigar Alhaji a jikina na yi ta haƙa har aka tashi. Na tabbata ajudan ba zai sake bayarwa ba, Madam ma ba za ta sake rubuta gwaji ba. Da yamma ta wuce ta gefena ta ce, "Litinin. Na yi magana da sojan naku. Kuma ka ci abinci."

Ranar Litinin da jirgin aro Garba ya kawo Baba, suka hauro gulbi tun sassafe, Ramatu ma ta biyo su, abin da ban sani ba sai daga baya. Mai takaba ba ta fita, amma ta ce ko za a tsine mata sai ta zo.

Madam ta buga, ta saurara, ta miƙo mini. Abin da na fara ji shi ne fanka tana juyawa a ɗakin, da kujera da aka ja. Sannan Baba ya yi gyaran murya. Wannan gyaran muryar da na tashi ina ji kowace asuba, mai kauri, mai ɗan kakari a ƙarshe. Duk abin da na shirya faɗa ya gudu.

"Yi magana, ina jinka," in ji shi.

"Baba, ina kwana."

Na ci gaba.

"Baba, an ce ruwa ya yanke hanya. Da fatan bai shiga gonar shinkafa ba. An ce da jirgi kuka zo, na san Yaya ne ya tuƙa, Allah ya sa bai jiƙa ka ba, don har yanzu bai iya riƙe filafili ba..."

Ina ta zuba, ban san me nake cewa ba. Ina jin numfashinsa. Madam ta juya baya tana duba wani akwati da ba abin da ya same shi. Har na ƙare, na ce a raina shi ke nan.

Sai ya ce, "Sake cewa shinkafa."

"Shinkafa, Baba."

"Wa ya cire maka haƙori?"

Ban gaya wa kowa ba. A gidan tsare baƙi wani mai gadi ya buge ni da gindin bindiga a kan layin ruwa, haƙorina na gaba ya fita. Ko Garba bai sani ba. Na buɗe baki in ba shi amsa, kuka ya riga ni.

"Idi," in ji Baba. "Idirisu. Kai ne, ɗan banza. Kai ne." Shi ma muryarsa ta karye. Na ji Garba yana salati da ƙarfi, na ji wani abu ya faɗi, na ji ajudan yana cewa a kama ta, a ba ta ruwa. Ashe Ramatu ce. Baba ya ce, "Ka yafe mini, na kore ka sau nawa."

"Baba, ba ni ka kora ba. Na ji abin da ka ji, ni ma ban san shi ba."

"To bar kuka, kana ɓata mini muryar. Yi ta magana in ji."

Na yi ta magana. Na ba shi labarin Komlan da garin rogonsa, da Alhaji Saidu, da matar da ke tsaye a bayana. Ya ce a ba shi ita. Madam ta karɓa, ba ta jin ko kalma ɗaya, Baba yana ta sa mata albarka da Hausa yana haɗawa da Dandanci, ita kuma tana cewa, "Wi, Papa. Wi, Papa," tana share ido da bayan hannu. Sannan aka ba Ramatu. Ta ce, "Ka rame?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Yarinya ta fara tsayuwa." Iyakar abin da muka iya ke nan. Minti goman ajudan sun zama arba'in, bai katse mu ba.

A ranar Ramatu ta ajiye kayan takaba. Mahaifinta ya zo daga Tanda kamar yadda ya ce, amma da buhun dawa ya zo, ya kwana biyu ya koma shi kaɗai.

Sau biyu muka sake irin wannan kira kafin a sauya wa ajudan wurin aiki, Madam Ondo kuma ta yi ritaya ta koma garinsu. Ranar da za ta tafi ta zo shantiye ta miƙa mini hannu, ta ce in riƙa sa hular kwano. Ban sake ganinta ba. Bayan nan sai kiran kabin. Baba yakan karɓa ya ce, "To, ɗan gwangwani, gaya wa Idi muna lafiya," ya yi dariya ya miƙa wa Garba.

Shekara uku na yi kafin in sami takarda da abin da zan sayi jirgi in mayar wa gida. Baba bai jira ni ba. Ya rasu wata bakwai kafin in dawo, da rana, a zaune a tudunsa.

Da na sauka a tashar Gaya, ban buɗe baki ba tukuna, wata mai tuyan ƙosai da ban taɓa gani ba ta dube ni ta dubi Garba da ya zo tarona, ta ce, "Wannan ne mai giɓin?" A bakin gulbi ma haka, masu jirage suna ɗago filafili suna kiran, "Mai giɓi, barka da zuwa!" Na tambayi Garba wa ya raɗa mini wannan suna.

Ya ce ran da suka fito daga biron parfe, Baba ya ƙi a wuce da shi bakin ruwa kai tsaye. Ya sa aka bi da shi ta cikin kasuwa, rumfa rumfa, yana riƙe da kafaɗar Garba. Duk wanda ya yi musu sannu, sani ko rashin sani, sai Baba ya tsaya ya ce masa, "Ɗana yana da rai. Na ji shi da kunnena. Sai dai ya yi giɓi."

Ramatu ta sha ce mini in je Dosso a sa mini haƙorin roba. Har yau ban je ba.